Amanar Auta

Ni dai kowa ya sani ban iya zama wuri ɗaya ba. Aikina ma tura keken fasinjoji marasa ƙarfi ne a filin jirgin JFK a nan Amurka, daga wannan ƙofa zuwa waccan, yini guda ƙafata ba ta hutawa, kuma haka nake so. Amma rashin sukunin da ya kama ni tun ranar da likitan Inna ya ja ni gefe, wannan daban ne.

Ya ce mantuwar mahaifiyata ba irin ta tsufa ba ce. Ciwo ne, kuma gaba yake yi, ba ya komawa baya. Ya ce in akwai wata takarda da ake so ta sa wa hannu, a yi yanzu, tun tana gane abin da take sa wa hannun. Na ce masa yanzun nan har zuwa yaushe? Ya ce shi ma bai sani ba. Ƙila shekara, ƙila wata uku.

Mu huɗu ne a wurin Inna. Ni ce babba, sai maza biyu, ɗaya a Texas, ɗaya ya koma Abuja, sannan Auta. Auta ta haura talatin, amma hankalinta na 'yar shekara bakwai ne, haka Allah ya halicce ta. A unguwar Bronx aka haife ta, ta tashi a ɗan tsukukun gidanmu mai hawa biyu a kan tudun Highbridge, wanda iyayenmu suka haɗa gumi suka saya, Baba da tuƙin tasi, Inna da jinyar tsofaffi a gidajen mutane. Da Baba ya rasu takardar gidan ta koma sunan Inna ita kaɗai. Auta ta san kowace matakala ta gidan nan. Kullum da safe ƙaramar bas tana tsayawa a ƙofa ta ɗauke ta zuwa cibiyar da masu irin lalurarta suke yini. Ranar da aka rufe titinmu don gyara, bas ɗin ta tsaya a kwana maimakon ƙofar gida, wallahi Auta ba ta ci abinci ba sai washegari.

Da na kira ƙannena na gaya musu maganar likita, na Texas ya ce, "To Yaya, in ta Allah ta kasance ai sai a sayar a raba, Auta kuma a kai ta gida wajen dangi." Gida ina? Yarinyar da ba ta taɓa taka ƙasar Kano ba? Ba mugaye ba ne ƙannena, kar in ɗauki alhakinsu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na kashe wayar tun kafin bakina ya ja mini.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da lauya, a wani ofis da ke saman kantin takalma kusa da titin Fordham Road. Doguwar mace ce baƙar fata mai furfura, ba ta gaggawar magana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce akwai abin da suke kira trust, wato amana a rubuce. Mai dukiya, tun yana raye da hankalinsa, sai ya cire abin daga hannunsa ya sa a hannun wanda ya yarda da shi, ya ce ga wanda za a riƙe wa, ga yadda za a riƙe. In aka yi haka, gidan ba zai shiga rabon gado ba muddin Auta na raye, kuma ba za a yanke mata taimakon magani da na cibiyar ba. Na tambayi malaminmu, ya ce abin da mutum ya bayar da hannunsa yana raye, da hankalinsa, saboda lalurar mai rauni, akwai hanya a kansa, ya yi wa Inna bayani da kansa. Inna ta ce abin da take so ke nan tun tuni.

Sai na ɗauka an gama. Na cika fom, na tattaro takardu, na kai wa lauya, na ce ga shi, a buga kawai Inna ta zo ta sa hannu. Matar nan ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ba ki da ta cewa a nan," in ji ta. "Ba gidanki ba ne. Mai kafa amanar ita ce komai. Ita za ta ce me za a sa, ita za ta ce wa zai riƙe, ita za ta ce don wa. Kuma da bakinta zan ji, ba ke a ɗakin."

Na ce to. Me zan ce?

Ranar farko na ɗauki hutun rabin yini. Na sa wa Inna atamfarta mai kyau, muka hau bas. Turancin Inna na aiki ne, ba ya ɗaukar doguwar magana, don haka lauya ta kira tafinta ta waya. Aka ce in fita. Ban yi minti ashirin a waje ba aka buɗe ƙofa, lauyar ta ce in shigo, Inna kuma ta ɗan jira a kujerar waje. Tun daga yadda ta rufe ƙofar na san ba lafiya.

Ta karanto mini abin da ta rubuta. Ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa, Inna ta ce, "Alhamdulillahi, Allah ya ba ni." Da aka matsa mata ta faɗi sunaye, sai ta faɗi uku: maza biyu da Auta. Aka ce shi ke nan? Ta yi shiru. Aka ce wace ce matar da ta kawo ki? Ta ce, "Ta gidanmu ce." Aka ce wa kike so ya riƙe gidan? Ta ce, "Ta san kanta."

"Ɗayan biyu ne," in ji lauyar. "Ko dai ta manta tana da ke, wato ba ta da hankalin sa hannu. Ko kuma tana tsoronki. Ko wanne ne, ba zan buga wannan takarda ba."

Tana tsorona! Ni da nake yanke mata farce, nake shafa mata mai a ƙafa? Na fara bayani, Turancina na shekara talatin ya riƙa harɗewa. Na ce ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi, ba ta sa shi a lissafi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan," in ta ji daɗina ta ce "'yar nan." Da aka yaye ni ma kakata ce ta ɗauke ni, a hannunta na girma a Kano, sai da na kai sha huɗu aka kawo ni nan. Ina faɗa ina jin yadda maganar take sauka a kunnen baƙuwa, kamar ina kare kaina a gaban alƙali.

Matar ta saurara har ƙarshe, wannan kam na yaba mata. Ta ce ta yarda da ni. Amma ta ce in ƙannena suka tashi wata rana suka ce an yi wa tsohuwa mai mantuwa wayo, yardarta ba za ta tsayar da komai ba. Abin da zai tsaya shi ne shaidu biyu su ji Inna ta lissafa 'ya'yanta cif, ta ambaci wadda ta zaɓa. Na ce to in ta rubuta sunan fa? Sai na tuna Inna ba ta yi boko ba, sa hannu kaɗai ta iya. Lauyar ta ce ƙofarta a buɗe take, amma kar mu daɗe.

A bakin titi na sauke wa Inna kwandon masifa. Ban jira mun isa gida ba. Ga masu tallan turare da huluna, ga kiɗa na tashi daga kantin waya, ga mutane na ture mu, ni kuwa ina tsaye ina faɗa da uwata a kan Fordham Road.

"Haba Inna! Suna ne fa! Kalma ɗaya! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi!"

Ta gyara mayafinta. "Rage murya, ke ba ki da kunya ne?"

"Kunyar ce za ta ba Auta ɗaki? Kunyar ce za ta tsayar mata da bas a ƙofa?"

"Ni zan buɗe baki in kama sunanki a gaban baƙuwa? Uwata ba ta yi ba, uwar uwata ba ta yi ba. Ai matar ta gan ki da idonta. Makauniya ce?"

Na ce nan ba Kano ba ne. Ta ce ita ba ta bar mutuncinta a Kano ba. Bas ta zo, muka shiga, ta zauna ta juya fuska wajen taga, ni kuma na tsaya riƙe da ƙarfe duk da akwai kujera. A haka muka tafi har muka hau tudu.

Gaskiya zan faɗa, ba don Auta kaɗai nake fushi ba. Ina yarinya, da aka kawo ni, nakan laɓe a matakala in ji tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya su zo cin abinci, sannan ta ce, "Ku ce wa waccan ta sauko." Na san al'ada ce. Kakata ta sha gaya mini cewa wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Na sani a kaina, amma zuciya ba ta jin wannan karatu. Ga shi yanzu na tsufa, ina da furfura a goshi, abin ya dawo mini sabo fil.

Sati uku muka yi a haka. Na bi ta lallashi, na bi ta faɗa. Na turo mata malam, ta ce masa to, bayan ya tafi ta ce shi namiji ne, me ya sani. Na turo ƙawarta ta Kumasi da suke zuwa masallaci tare, ita kuma ta zo ta goyi bayanta, har tana yi mini tsiya wai 'ya'yan Amurka sun fi son a kira su kamar akuya. A wurin aiki ina tura keke ina lissafin kwanaki. Duk tsohuwar da na ɗauko daga jirgi sai in riƙa kallon idonta ina auna ko ita tana gane inda take. Sau biyu na wuce ƙofar da ya kamata in tsaya. Kullum na dawo gida sai in jarraba Inna da dabara: yau wace rana ce, me muka ci jiya? Wata rana ta amsa daidai har ta haɗa mini da zagi, wata rana ta sa sukari a miya. Na kasa cin abinci a zaune, a tsaye nake ci a kicin.

Abin da ya juya ta ba ni ba ce. Wata Asabar da hantsi tana yi wa Auta kitso a falo, kamar yadda take yi duk sati, ni ina guga. Sai na ji shiru. Na waiga, na ga hannunta ya tsaya a tsakiyar kan, tana kallon ƙeyar Auta. Leɓenta yana motsi amma ba abin da ke fita. Auta ta ce da Turancinta, "Inna, ƙarasa mana." Inna ta ƙarasa layin, ta tura ta sama ta ɗauko ɗankwali, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ke. Na nemi sunan yarinyar nan yanzu na rasa."

Na kashe dutsen guga.

"Ya dawo," ta ce. "Amma sai da ya tafi. Wanda nake faɗa sau ɗari a yini ke nan. To wanda ban taɓa faɗa ba fa?" Ta share hannunta da zani. "Kira matar nan."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana, sannan na fito na bar wa lauya saƙo.

Ta ba mu Laraba da safe, don da safe kan Inna ya fi washewa. Wannan karon ta nemo tafinta ta zo da kanta, wata dattijuwa 'yar Nijar mai tsagen fuska, da shaidu biyu daga ofishin maƙwabta. Inna ta ƙi atamfar da na fito mata da ita, ta zaɓi wata da kanta, ta sa babban mayafi. A bas tana ta jan carbi. Da muka isa aka ce in fita, na fita.

Barandar ƙofar ofishin nan na san ta ciki da bai. Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar lauya zuwa lifta. Na je na dawo, na je na dawo. Na sauka ƙasa na tsaya gaban kantin takalma ina kallon takalman da ban gani, na sake hawowa. Na kara kunne a ƙofar, ba kunya ba tsoron Allah, amma ƙofar mai kauri ce, gunaguni kawai nake ji. Zuciyata ta rabu biyu. In ta manta fa? In ta tuna amma bakin ya ƙi buɗewa fa? Wani matashi ya fito daga ofishin haƙori ya ce mini ko lafiya, na ce masa ya kama gabansa. Allah ya yafe mini, bai yi mini komai ba.

Sun fi awa ɗaya. Da aka buɗe, lauyar ce ta fara fitowa, ta miƙo mini hannu. Ta ce an gama, an sa hannu a takardar amanar, an sa a ta mayar da gidan cikinta. Ta ce, "Ke ce mai riƙo. Zauna ki ji sharuɗɗanta, don ba duka ne abin da kika rubuto ba."

Ashe Inna ta yi aikinta na mai gida sosai. Ta ce ba za a sayar da gidan ba, ba za a fitar da Auta daga ɗakinta na sama ba muddin tana numfashi. Ta ce bayan ran Auta a raba wa waɗanda suka rage yadda addini ya ce, kar a tauye wa maza ko allura. Ta ce in na gaza ko na riga Auta tafiya, na Texas ya karɓa. Sannan ta sa an rubuta cewa duk shekara sai na zauna da shi na nuna masa yadda abubuwa suke tafiya, domin, a cewarta, mai riƙon tana da gaskiya amma tana da zafin kai. Lauyar ta karanta wannan layin fuskarta a ɗaure. Na ce lallai, ko a takardar lauya sai da aka yi mini faɗa.

Da lauya ta koma ciki na tare tafintar a bakin lifta. Idonta ya yi ja.

"Hajiya," na ce mata, "ta faɗa?"

"Ta faɗa, ɗiyata."

"Yaya ta faɗa?"

"Ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Ta ce 'ya'yana huɗu ne. Da ke ta fara. Ta faɗi sunanki cikakke, har da na mahaifinki. Da aka ce wa zai riƙe gidan, ta sake faɗa."

Sau biyu. Lauya ta ji, 'yar Nijar ta ji, wasu mutum biyu da ba su san ni daga ko'ina ba sun ji. Ni mai sunan kuwa, ina baranda ina ƙirga taku. Na yi murna, wallahi na yi murna, wani dutse ya sauka daga ƙirjina, Auta ta samu ɗakinta. Amma kishi ya kama ni har ina jin ɗacinsa a harshe. Inna ta fito tana gyara mayafi, ba ta kalli inda nake ba. Ta ce, "Ke, ɗauko jakata, ƙafata ta gaji."

Ba mu sake tayar da maganar ba. Ƙannena sun ɗan yi gunaguni a waya, na aika musu takardar, suka karanta, suka ga hannun Inna ne da kalamanta, suka haƙura. Likita bai yi ƙarya ba. Kafin sanyin shekarar ya fita, Inna ba ta iya riƙe alƙalami daidai, balle ta gane abin da ke rubuce. Da mun ƙara wata biyu muna jayayya, da ƙofar ta rufe.

Yanzu shekara biyu ke nan. Na rage kwanakin aiki, na kwaso kayana daga inda nake zaune na dawo gidan gaba ɗaya. Bas ɗin Auta tana tsayawa a ƙofa kullum da safe, ni nake yi mata kitso ranar Asabar, tana ƙorafin hannuna ya fi na Inna zafi. Ciwon ya cinye wa Inna abubuwa da yawa, kuma cikin abin da ya cinye har da kunyar. Sunana yanzu ba ya barin bakinta. Tana kiransa daga ɗaki, tana kiransa a kan sallaya, da ƙarfi, har maƙwabta suna ji. Ranar farko da na ji, cokali ne ya faɗi daga hannuna, na ruga da gudu na ce na'am. Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙuwa mai kirki.

"Baiwar Allah," ta ce, "ba ke nake kira ba. 'Yata nake nema, babbar. Na ba ta amanar ƙanwarta, ina so in ji ko tana riƙe."

Na durƙusa na gyara mata safa. Na ce, "Tana riƙe, Inna."

"Kin tabbata? Tana da zafin kai fa."

"Na tabbata."

Ta gyaɗa kai, ta koma kallon ƙofa. Can kuma ta sake ɗaga murya ta kira ni.